Sashen Sasanci na Babbar Kotun Kano: Wa Zai Amfana, Wa Ya Kamata Ya Yi Hattara

Wanda bashi ko rikicin haya ya kai shi Babbar Kotun Jihar Kano, ba dole ne ya tsaya gaban alƙali ba. Akwai sashen sasanci da ake kira Multi-Door Courthouse, wanda aka buɗe a 2009, bayan na Legas a 2002 da na Abuja a 2003. Ko dai alƙali ya turo shari'ar da ke gabansa, ko mutum ya taka da ƙafarsa tun bai shigar da ƙara ba.

Za ka cike takardar neman sasanci, ka rubuta taƙaitaccen bayanin abin da ya haɗa ku, ka haɗa da kwafin rasit, takardar haya ko shaidar tura kuɗi ta banki. Sai a sanar da abokin rigimarka, in ya amsa a sa rana. Mai shiga tsakani ba ya yanke hukunci. Yakan zaunar da ku tare, sannan ya keɓe kowa shi kaɗai, kuma a wannan keɓewar aikin yake.

A ɗauka ɗan kasuwar Kantin Kwari na bin wani naira miliyan 3 na atamfa. A gaban jama'a wanda ake bi zai dage cewa kayan sun zo da tabo, don kada a ce ya karye. Da an rufe ƙofa sai ya sunkuyar da kai ya ce kasuwa ce ta tsaya, amma zai iya dubu 300 duk wata. Mai kaya ya yafe dubu 300, a biya sauran cikin wata tara, ciniki ya ci gaba tsakaninsu. Alƙali ba ya iya ba da irin wannan, domin shi sai ya ce wane ke da gaskiya. A rikicin bashi, haya da haɗin jari, wannan hidima ta cancanci yabo.

Abin da ke ɓata zaman kuwa sananne ne. Kamfani ya turo wakilin da ba shi da ikon amincewa da ko sisi, a wuni ana magana ya ce sai ya tambayi maigida. Ko a rubuta "zai biya idan Allah Ya hore", ba adadi, ba rana. Dole takarda ta faɗi nawa, yaushe, a wane asusu, da abin da zai biyo baya in an saɓa wata guda.

Sa hannu shi ne wurin nutsuwa. Da zarar alƙali ya amince da yarjejeniyar, ta zama hukuncin kotu, kuma sashe na 241(2)(c) na tsarin mulkin 1999 ya hana ɗaukaka ƙara kan hukuncin da aka yi bisa yardar ɓangarori sai da izinin kotu. Wanda bai iya Turanci ba ya nemi a karanta masa kowane layi da Hausa.

Nan ne muke da damuwa. Mun taso da "a yi haƙuri, a bar wa Allah", kuma sau da yawa mai ƙaramin ƙarfi ake fuskanta da wannan magana. Bazawarar da ke neman kason marayunta a gida, ga yayyen miji uku da lauyansu a gefe guda, za ta iya karɓar rabin haƙƙinta don kawai ta huta. Ƙarfinta ɗaya shi ne sashe na 36 na tsarin mulkin, wanda ya ba kowa 'yancin kotu ta saurare shi da adalci. Ya kamata mai shiga tsakani ya faɗa mata tun farko cewa tana iya tashi ta koma gaban alƙali, a kuma lissafa mata kasonta kafin a yi maganar yafiya. Hadisi ma ya halatta sulhu tsakanin Musulmi, ya cire wanda ya halatta haram ko ya haramta halal.

Fyaɗe da kisan kai ba na teburin sasanci ba ne, hukuma ce ke gurfanar da mai laifin. In wani ya zo da tayin kuɗi don a kashe irin wannan magana, ofishin 'yan sanda za a nufa.