Bel ɗin gasa mara da na saya wa yarinyata

Wannan bel ɗin mai caji da ake ta tallarsa a status, na saye shi ne saboda yarinyata mai shekara 14, tana aji uku a ƙaramar sakandare. Tun da ta fara al'ada bara, duk wata sai ta yi fashin makaranta kwana ɗaya ko biyu. Ranar farko ce tashin hankalin: ta dunƙule a kan katifa tana riƙe da mara, ga amai, ga ciwon baya. Kakarta ta yi ta ɗura mata ruwan kanwa da shayin citta, shiru kake ji.

Watan farko kam na yaba. Ta ɗaura shi, ba a yi minti ashirin ba ta miƙe ƙafa, barci ya kwashe ta. Har lambar mai sayarwar na tura wa ƙawayena biyu, su yafe ni.

Wata na biyu sai abin ya faɗo ranar jarrabawar lissafi. Kwana ya yi yana caji a gidan maƙwabta masu sola, ta ɗaura a ƙarƙashin yunifom, hijabi ya rufe. An ce mana yana awa biyar. Ko takardar farko ba a gama ba zafin ya ɗauke. Garin lalubar maɓalli ta cikin hijabi ta danna na girgiza, abu ya kama ƙugi a aji tsit, har samarin baya suna waigowa. Malamarsu ce ta sako min ita a adaidaita, fuska duk hawaye. Tana shigowa ta ce, "Umma, don Allah kada ki ƙara sa ni ɗaura abin nan." Da na kira mai kayan, wai "Hajiya, ai ku ne ba ku iya cajinsa ba." Ji fa!

Wata nas a layinmu ce ta warware min. Ta ce mahaifa ce ke matsewa saboda wani sinadari, prostaglandin, ɗumi kuwa yana sassauta ta, ko gorar ruwan zafi aka naɗe a tawul aikin ɗaya ne. Ta ce a ba ta ibuprofen da zarar ciwon ya soma, bayan ta ci abinci, ban da mai olsa. Rikicewar kwanaki ma a shekarun farko ba abin tsoro ba ne, tazarar kwana 21 zuwa 45 daga farkon wata al'ada zuwa farkon ta gaba duk daidai ne a wajen 'yan mata. Amma in jini ya wuce kwana 7, ko tana canza auduga duk awa ɗaya ko biyu, sai asibiti.

A gida da daddare har yanzu tana amfani da shi, yana kuma yi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai robarsa ta fara ɓarewa, wata huɗu kacal, madaurin ma ya saki sai da fil. Baiwar Allahn da ta sayar min kuwa tana ganin saƙona ba ta amsawa, amma jiya ma na ga ta sa sabbin kala a status.