Shekara biyu ina biyan Game Pass, har yanzu ƙwallo da kuɗina nake saya

A ƙarshen 2023 na sayi na'urar buga gem ta Xbox Series S a hannun wani abokina da zai tafi karatu waje. Fara ce, 'yar ƙarama, ba ta kai kwalin takalmi ba, kuma ba ta da bakin zura faifai. Duk gem ɗin da kake so sai dai ka sauke shi ta intanet. Da yake miƙo mini ita ya ce, "Malam, ka yi rajistar Game Pass kawai, kai da sayen gem har abada." Na yarda da shi. Yau shekara biyu ke nan ina biya, kuma zan iya cewa rabin maganarsa gaskiya ce.

Ga wanda bai san tsarin ba, Microsoft ce ta ɓullo da shi a 2017. Kana biyan kuɗin wata, a buɗe maka rumbu mai ɗaruruwan gem, ka sauke wanda ka ga dama, ka buga har ka ƙoshi. Ranar da ka daina biya, ƙofa ta rufe. Ko kana biya ma, kayan rumbun ba zaunannu ba ne, wasu na shiga wasu na fita kowane wata.

Daren farko ɗan yayata, wanda ya fi ni sanin hanyar gidajen gem na unguwarmu, ya karɓi fad, wato abin sarrafa gem, ya yi ta dube-dube. Can ya ɗago ya ce, "Kawu, ina ƙwallon?" FC 24 yake nufi, gem ɗin ƙwallon da ya gaji FIFA, wanda ya fito a watan Satumbar shekarar. Muka samu FIFA 23 na bara, muka kuma samu sabon, amma na ɗanɗano, awa 10 kacal. Cikakkensa bai shigo rumbun ba sai tsakiyar 2024, an gama kakar wasa, an ɗaga kofuna, saura kamar wata uku FC 25 ya fito. Wa zai zauna yana buga ƙwallo da 'yan wasan da tuni sun sauya kulob? Abin kamar a kawo maka ɗinkin sallah ne ran hawan Nassarawa.

Da farko rowa na ɗauke shi. Daga baya na zauna na yi lissafin da kowane ɗan kasuwa zai yi. Sabon babban gem dala 70 ake sayar da shi. Kamfanin EA, mai yin FC, ya san cewa duk Satumba miliyoyin mutane za su ciro wannan kuɗi ba tare da an roƙe su ba. To me zai sa ya zuba kayansa cikin rumbun da aka haɗa shi da gem ɗari da ɗoriya, kowa ya yagi ɗan rabonsa daga kuɗin wata? Wanda ya taɓa zama a Kantin Kwari ya san wannan. Atamfar da ake yayi ba a yi mata ragi, ba a kuma haɗa ta da kwantai a ɗaure a dila ɗaya. Sai yayinta ya wuce ake sakinta. Shi kuwa EA ko a sakin ma yana da riba, domin wanda ya shigo a makare yana iya sayen katunan 'yan wasa a Ultimate Team, ɓangaren FC da kake haɗa ƙungiyarka da kanka, kuma an ɗana masa tarkon sayen na baɗi.

GTA V ya fi ba ni dariya. Gem ne na 2013, an sayar da kwafi sama da miliyan 200, amma har yau masu shi ba su yarda ya tare a Game Pass ba. Ya shiga a farkon 2020, ya fita bayan 'yan watanni. Ya dawo a 2021, ya sake fita. Ya kuma dawowa a 2023. Baƙo ne mai zuwa da ƙullin kayansa a hannu. Shugaban kamfanin Take-Two mai GTA, Strauss Zelnick, bai ɓoye ba, ya sha faɗin cewa tsarin kuɗin wata na iya dacewa da tsofaffin gem, amma saka sabo a ciki ranar fitowarsa asara ce. Mutumin da ke jan aji da kayan da suka haura shekara goma, me kake tsammani zai yi da GTA VI?

Gaskiyar zance ta fi fitowa a 2023, lokacin da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kai Microsoft kotu don hana ta sayen Activision, kamfanin da ke yin Call of Duty. Shugaban PlayStation na wancan lokacin, Jim Ryan, ya ce masu buga gem da ya zanta da su ba sa son Game Pass, suna ganin yana karya darajar kaya. To, abokin hamayya ne, dole a rage wani abu daga maganarsa. Amma shi kansa shugaban Activision, Bobby Kotick, wanda ake shirin sayen kamfaninsa, ya shaida wa kotu cewa ba ya goyon bayan saka sababbin gem a irin wannan tsari. A cikin takardun shari'ar ne kuma aka ga abin da Sony, mai PlayStation, ta kashe: kusan dala miliyan 220 a kan The Last of Us Part II, dala miliyan 212 a kan Horizon Forbidden West. Wanda ya narka irin wannan dukiya, makonnin farko yake jira ya mayar da uwar kuɗi, lokacin da kowa ke ɗokin saye da cikakken farashi. Shi ya sa Sony, duk da tana da nata rumbun, PlayStation Plus, sai manyan gem ɗinta sun kwana biyu a kasuwa take saka su ciki. Nintendo kuwa tsofaffin zamanin da take zuba wa masu biyan kuɗin shekara, sabon Mario ko Zelda sai ka saya.

To yaya aka yi Call of Duty ya shigo? Da mai shago ya ƙi sayar da kayan, sai Microsoft ta sayi shagon gaba ɗaya, a cinikin da aka sanar a kan dala biliyan 68.7, aka kammala a Oktoban 2023. Haka ta yi wa kamfanin gem na Bethesda a 2021 da dala biliyan 7.5. Idan ka duba manyan sunayen da suka shigo rumbun ranar fitowarsu, su Starfield, su Forza, su Black Ops 6 na Oktoban 2024, kusan duk 'yan gida ne. Kuma ba a banza suka shigo ba. Kuɗin wata na babban matakin Game Pass, wato Ultimate, ya tashi daga dala 16.99 zuwa 19.99 a 2024, sannan a Oktoban 2025 aka cilla shi 29.99. Ka juya wancan farashin na 2025 zuwa naira, ka ninka sau goma sha biyu, sai ka ga a shekara ya fi kuɗin sababbin gem biyar.

Mu nan kuma akwai kuɗi na biyu da ba ya cikin talla, wato data. Series S an rubuta mata gigabayit 512, amma abin da ke hannunka bai kai 370 ba. Call of Duty, in ka haɗa da Warzone da sauran ɓangarorinsa, cikin sauƙi yake haura gigabayit 100. Na taɓa kwana uku ina sauke shi da datar dare, wuta na ɗaukewa tana dawowa, na goge gem biyu don ya samu wurin zama. Da ya gama, mako bai zagayo ba ya nemi sabuntawa. Ranar na gane cewa "kyauta ne a Game Pass" magana ce ta mutanen da intanet ɗinsu ba shi da awo.

Kada a ce na zo ɓatanci. Inda tsarin ya biya ni, ya biya ni sosai, kuma ba a wajen manyan ba. Clair Obscur: Expedition 33 misali ne. Wani ƙaramin kamfani ne a Faransa, Sandfall, ya yi shi, aikinsu na farko, ya shigo rumbun ranar da ya fito a Afrilun 2025. Wallahi da cewa aka yi in cire kuɗi in saya, ko kallonsa ba zan yi ba, ban san su ba, kuma ni ba ma'abocin faɗan bi da bi ba ne. Na sauke shi don gwaji, na ƙare ina raba dare a kansa har maiɗakina ta fara tambaya ko lafiya. Haka Lies of P, haka Hollow Knight: Silksong. Waɗannan su ne ke buƙatar mai gabatarwa. Microsoft ta ba su kuɗi a gaba, ta kai su gaban mutanen da ba su taɓa jin sunansu ba, wanda ya ji daɗi ya gaya wa abokinsa mai PlayStation, shi kuma ya saya. FC da GTA ba sa neman wanda zai gabatar da su, ko yaron da bai taɓa riƙe fad ba ya san sunansu.

Saboda haka wanda ya tambaye ni ko ya yi rajista, sai in tambaye shi me yake bugawa. In kai mutumin ƙwallo ne kawai, daga FC sai FC, kamar yawancin samarin da na sani, ajiye kuɗinka ka sayi naka sau ɗaya a shekara, ko ka sauke eFootball da ba a biyan ko sisi. In kuwa kana son labari, kana da haƙurin gwada abin da ba ka sani ba, kuma kana da intanet mai ɗan dama, za ka ci kuɗinka har da ƙari.

Ni dai na daina biya a jere. Ina bari sai gem biyu ko uku da nake so sun taru, in biya wata ɗaya, in buga su, in rufe. FC 26 kuwa na saya tun makon da ya fito, domin ɗan yayata ya rantse ba zai ƙara zuwa gidana ya buga ƙwallon bara ba.