Wasiƙa Daga Agege: Cire Haƙori Da Cike Giɓi, Nan Da Gida

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Saƙonka ya iso. Na ji Inna ta daina taɓa nama, ko tuwo sai an sassauta mata, kuma kana tunanin a sako ta a mota ta zo Legas a gyara mata baki, tunda an ce nan ƙwararrun suke. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta maka dalla-dalla, domin ni ma ban daɗe da fitowa daga hannun likitocin haƙori ba, kuma abin da na gani zai amfani wasu 'yan gida, ba Inna kaɗai ba.

Ra'ayina shi ne kada a wahalar da ita da tafiyar kimanin kilomita 1,000. Abin da take bukata ana yin sa a Kano. Amma bari in gaya maka dalili.

Abin da ya kai ni shi ne haƙorin ƙarshe na can ƙurya, na ƙasa, wanda ke fitowa bayan mutum ya balaga. Nawa bai samu wurin tsayawa ba, sai ya kwanta a karkace cikin ƙashi ya tokare na gabansa, abinci yana maƙalewa a tsakani, har na gaban ya yi kogon da ba ya gyaruwa. Ka san a gida da wannan ciwon ya kama mutum sai a cusa kanunfari, a shafa kanwa, a sayo ƙwayoyi a kemis, in ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a nemi mai cirewa. Nan kuwa ba wanda ya taɓa ni sai da aka ɗauki hoto. Na'urar tana zagaya kai, ta fito da muƙamuƙi gaba ɗaya a kan kwamfuta. Likitar, wata Bayarabiya Musulma, ta juyo da allon ta nuna min saiwar haƙorin da wani siririn layi da ke bi ta ƙarƙashinta. Ta ce wannan jijiya ce da ke kai ji zuwa leɓen ƙasa da haɓa, in aka fizgi haƙorin da ƙarfi ba tare da an san inda take ba, leɓe yana iya mutuwa na makonni ko watanni, wani ma bai cika dawowa daidai ba. Na tuna mutanen da na sani a gida da aka danne aka ɓamɓare musu haƙori da filaya, jikina ya yi sanyi.

Aikin kansa ba shi da tsanani yadda ake tsoratarwa. Allurar kashe zafi ce a dasashi, aka ɗan tsaga, aka raba haƙorin gida-gida aka fitar, aka cire ruɓaɓɓen, aka ɗinke. Kana jin dannawa da ƙarar inji, ba ka jin ciwo.

Inda Legas ta burge ni shi ne abin da ya biyo baya, kuma a nan nake so ka tsaya, domin shi ne ba a damu da shi a wurinmu ba. Kafin in tashi daga kujera sai da aka yi min bayani, aka kuma ba ni a rubuce. Gudan jinin da ke daskarewa a cikin ramin shi ne maganin. Shi ke rufe ƙashi, a kansa sabon nama ke tsirowa. Duk dokokin kwanakin farko don kare shi ne. A cije auduga da ƙarfi na rabin awa ko fiye, ba surutu. Awa 24 na farko ba kuskure baki, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba zuƙar abin sha da tsinke, ba abinci mai zafi, ba sa harshe ko yatsa a wurin. Taba sigari kuwa babbar abokiyar gaba ce, zuƙar tana fizgo gudan jinin, hayaƙin yana hana warkewa. Na tambaye ta alwala fa? Ta ce in ɗiba ruwa kaɗan, in karkata kai ya zubo da kansa, ba tare da na kaɗa shi a baki ba. Ka san kuskure baki sunna ne a alwala, ba farilla ba, don haka babu damuwa ko a bar shi a ranar. Sai washegari aka ce in fara da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a hankali, bayan kowane cin abinci.

Kumburi yana ƙaruwa har rana ta biyu ko ta uku kafin ya fara saɓewa, kuma wannan ba alamar aiki ya ɓaci ba ne. Ƙanƙara a cikin tsumma a ɗora a kumatu ranar farko, a kwana da matashi mai tudu. Baki ba ya buɗuwa sosai na 'yan kwanaki. Abin da ba a so shi ne ciwon da ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi tsakanin rana ta biyu da ta huɗu, yana harbawa har kunne, ga wari a baki. Wannan alama ce gudan jinin ya fita, ƙashi yana fili. Wani abokina mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 haka ta same shi, domin ya koma sigarinsa a daren da aka cire masa. Bai runtsa ba sai da ya koma aka wanke ramin aka cusa masa magani. Maganin ma ƙamshin kanunfari yake yi, domin da mansa ake haɗa shi. Amma zazzaɓi, ko kumburin da ke gangarowa wuya, ko wahalar haɗiya, ko jinin da ya ƙi tsayawa, waɗannan ba a kwana da su.

Ta fannin abinci ban sha wahala ba. Koko da ya huce, alale, yogot, biredin Agege mai laushi a jiƙa a shayin da ba shi da zafi, daga baya amala da miyar ewedu, sai dai in roƙi mai abinci kada ta zuba jan miya, domin barkonon mutanen nan ba ya raga wa mai lafiya balle mai rauni. A gida kunun gyaɗa da farau-farau da faten dankali duk sun isa. Tsire da kilishi da goro da gyaɗa sai an yi haƙuri. Magani kuwa farasitamol ne da ibuprofen bayan cin abinci, aka gargaɗe ni da asfirin don tana tsinka jini. Bayan kamar mako guda aka cire zaren.

To, sai maganar giɓi. Na ƙurya ba a mayar da shi, ba wanda ke bukatarsa. Amma turmin da ke gabansa shi ne abin tauna, kuma a nan na ji abin da ban taɓa ji a gida ba. Mu a wurinmu in an cire haƙori an gama magana, in dai ba na gaba ba ne da zai sa a yi wa mutum dariyar wawulo. Ashe giɓi ba ya zama yadda aka bar shi. Ƙashin da ke riƙe da saiwa yana zaizayewa da zarar ya rasa aikin yi, mafi yawa a watanni shida na farko. Haƙoran gefe suna kwantowa cikin ramin, na sama da ya rasa abokin haɗuwa yana zazzagowa. Mutum ya koma tauna da gefe ɗaya, wancan gefen ya gaji, shi ma ya fara zubewa. Haka ta faru da Inna, ɗaya bayan ɗaya, muna kallo muna cewa tsufa ne. Wannan yana damuna ƙwarai, Yaya, domin tsohon da ba ya iya tauna nama da ganye ramewa yake yi, mu kuma mu yi ta sayen maganin ƙarin jini.

An shimfiɗa min hanyoyi uku. Mafi tsada ita ce dashe: a huda ƙashin muƙamuƙi a ɗaura ƙusa ta ƙarfen taitaniyom, a bar ta watanni uku zuwa shida har ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora mata haƙori. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Biranemak, shi ya fara yi wa mutum a 1965. Ba a taɓa haƙoran gefe, ba a cirewa da dare, kuma ƙashi ba ya zaizayewa kamar da. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. A Lekki da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja asibitocin kuɗi masu yin sa suna da yawa, ga sanyi, ga tsafta, ga alƙawarin lokaci ta waya. Amma kuɗin haƙori ɗaya yana iya kamo kuɗin sabon babur, in ƙashi ya riga ya zaizaye a ce sai an yi cikon ƙashi, wani kuɗin ne daban. Dalili a fili yake: ƙusar da kayan aikin duk daga waje ake shigo da su da dala, kuma tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a 2023 komai ya yi sama, ga hayar gini, ga man janareta. Inshorar lafiya ma galibi ba ta ɗaukar wannan. Sannan ba kowa ake yi wa ba. Mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, da mai shan taba, da mai ciwon dasashi, dashen yana iya ƙin kamawa.

Ta biyu ita ce gada. A feƙe haƙoran da ke gefe biyu na giɓin, a yi musu huluna haɗe da na tsakiya, a manne. Cikin makonni kaɗan an gama, kuɗinta bai kai na dashe ba. Abin da ya hana ni son ta shi ne sai an ci lafiyayyen haƙori don a rufe gurbin wanda ya mutu, kuma in ba a tsaftace ƙarƙashinta ba ruɓa tana shiga a ɓoye. Ni ma ba ta yi min ba, tunda babu haƙori a bayan giɓin nawa da za ta dafa.

Ta uku, haƙorin roba na cirewa da mayarwa, shi ne na talaka, kuma shi ne ya dace da mai giɓi da yawa irin Inna. A ɗauki awon baki da wani abu mai kama da ƙullu, a zuba a samu siffar muƙamuƙi, masu ƙira su haɗa haƙoran a kan faranti mai launin dasashi, a gwada, a rage inda ke gurza. Akwai mai ƙashin ƙarfe, ya fi siriri da ƙarko, ya fi tsada. Shi na roba na saka yanzu, ina tara kuɗin dashe in Allah ya hore. Ba zan ɓoye maka ba, makonnin farko yawu yana yawa, magana tana sauyawa, kana jin baƙon abu a baki. Daga baya ka saba. Ana cire shi da dare a wanke da buroshi da sabulu a sa a ruwa mai sanyi; ruwan zafi yana lanƙwasa shi. Kuma da yake dasashi yana ci gaba da motsewa, bayan wani lokaci zai yi sako-sako, sai a koma a gyara.

Duk wannan na ƙarshe ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda Jami'ar Bayero ke horar da likitocin haƙori, kamar yadda ake yi a asibitin koyarwa na Idi-Araba a nan, wanda aka buɗe tun 1962, ko na jihar da ke Ikeja. Karatu ɗaya ne, hukumar da ke ba su lasisi ɗaya ce. Legas ta fi mu yawan asibitocin kuɗi da na'urori da masu dashe, wannan gaskiya ne. Amma haƙorin roba ba zuwa ɗaya ake yi ba. Awo, gwaji, karɓa, gyara, kowanne da ranarsa. A nan kowace rana sai ta sha gosulo a danfo, wato bas ɗin haya na nan, ga zafi da gumi, ga likitan da ba ya jin Hausa. Na ga dattawanmu na Agege da Idi-Araba suna gyaɗa kai ga bayanin da ba su fahimta ba, su koma gida su kuskure baki da ruwan zafi. A Kano za ta faɗi inda ke mata ciwo da bakinta, a ji.

Abin da nake roƙonka ka tsare shi ne masu sa haƙori na bakin kasuwa, nan ma suna nan, ba gida kaɗai ba. Suna cuɗa roba su liƙe ta a jikin haƙoran gefe yadda ba ta ciruwa, kuɗi kaɗan, nan take an gama, mutum ya fita yana murna. Abinci ya taru a ƙarƙashi, dasashi ya ruɓe, baki ya yi wari, bayan shekara haƙoran da aka liƙa a kansu su ma su yi girgiɗi. Ga kayan aikin da ba a turara ba, wanda ke iya ɗauko ciwon hanta daga bakin wani zuwa na wani. Haƙorin Makka kuma da ka ambata ado ne, hula ce ake sa wa haƙorin da yake nan, ba ya tauna wa kowa nama.

Ranar da za ku je ka ɗauki duk magungunan hawan jininta a leda ka nuna wa likita, har da ƙaramar asfirin ɗin da aka ɗora ta a kai, amma kada ta daina shan komai sai in shi ya ce. A auna mata sukari. Ta karya kumallo kafin ku fita. In akwai guntayen saiwa da suka rage za a fara cire su, a jira dasashi ya warke na wasu makonni kafin a ɗauki awo, don haka kada ka ga an ce ku dawo ka ɗauka jan rai ne. Ku yi ƙoƙari a fara tun kafin azumi ya matso. Ka tambayi kuɗin na roba da na ƙarfen duka ka gaya min, zan turo ta asusunka, ni da mai ɗakina mun riga mun ware wani abu. Ka gaishe da Inna, ka ce mata ta ci gaba da aswakinta a kan waɗanda suka rage, domin a jikinsu sabon zai kama.