Fijo 404 ce ko Morris? Amsa kan motar da ke hoton kakanku

Malama, Allah ya jiƙan Alhaji, ya kai haske kabarinsa. Na daɗe ina kallon hoton nan da kika turo. Ga shi tsaye da babbar riga a ƙofar gidansu a unguwar Gangare da ke Jos, ya ɗora hannu a kan rufin mota, mai hoton kuma ya ɗauko ta daga gefe ta wajen baya, ba a ganin fuskarta. Kin ce Baffanku ya dage a kan Fijo 404 ce, Gwaggonku kuma ta ce Morris ce da ya saya a hannun wani Baturen kuza da zai koma gida, kina so a raba gardama.

Kada ki ga laifin ko ɗaya daga cikinsu, domin hannu ɗaya ne ya zana motocin. Kamfanin Pininfarina na Italiya shi ya zana wa kamfanin motoci na BMC na Ingila jikin Austin Cambridge da Morris Oxford da suka fito a 1959, shi ne kuma ya zana wa Peugeot jikin 404 da ta fito a 1960. Duk suna da ƙofa huɗu, da fitilu zagayayyu a gaba, da ƙahonin nan biyu a baya masu ɗauke da danja. Tsawonsu kusan ɗaya, wajen mita 4.4. Har girman injin ya yi kusa: na 404 cc 1618, na 'yan Ingila daga 1961 cc 1622. Daga nesa, a hoto mara launi, ko tsohon direba sai ya sake dubawa.

Da an ga fuskar, da magana ta ƙare tun da wuri. 404 tana da zaki a cikin garkuwa a tsakiyar ragar gaba, tambarin Morris kuwa bijimin sa ne yana ƙetare ruwa. Tunda babu wannan, sai mu koma baya da gefe, kuma a nan ne hoton ya yi mana adalci.

Fara da wurin zuba mai. A 404 mai but, bakin tanki a ɓoye yake a bayan lambar baya, sai an karkato lambar sannan a gan shi. Ina yaro na sha ganin sabon yaron gidan mai yana zagaya motar da tiyo a hannu yana nema, har sai direba ya sauko ya nuna masa. Saboda haka jikin 404 sumul yake, babu wani murfi a kai. Su kuwa Cambridge da Oxford tankinsu yana bayan kujerar baya, murfinsa kuma yana sama, tsakanin gilashin baya da murfin but. Ki ƙara girman hoton, ki dubi daidai ƙasan hannun rigar Alhaji inda ya zubo. Akwai ɗan layi mai kusurwa huɗu a wurin. A ganina murfin mai ne, kuma da shi kaɗai Fijo ta fita daga lissafi.

Sai tsayuwar motar. 404 doguwar ƙafa gare ta, tayarta inci 15, kuma sifirin ɗinta na baya mai naɗi ne, shi ya sa take shanye gargada kamar ba a yi ba. Ba a banza ta ci gasar Safari ta gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968 ba. 'Yan Ingilan tayarsu inci 14 ce, sifirin baya na falle-falle, kuma sun fi kwanciya ƙasa. Ta hoton nan a kwance take, tayar ta shige cikin jiki. Da kwanon taya ya cire, da na ce ki ƙirga noti: uku a 404, huɗu a Morris da Austin. Duk bakaniken da ya taɓa kwance tayar tsohuwar Fijo ya san wannan noti ukun.

To Gwaggo ce ta ci ke nan? Ta fi kusa, amma da saura. Morris Oxford da Austin Cambridge 'yan gida ɗaya ne, tun da kamfanonin biyu suka haɗe suka zama BMC a 1952. Jiki ɗaya, inji ɗaya, ado ne ya raba su. Abin da ya fi jan idona a hoton shi ne zanen nan mai haske da ya ratsa gefen motar tun daga gaba har wutsiya, da bakin ƙarfe mai ƙyalli sama da ƙasa. Wannan ado na Austin A60 Cambridge ne. Ƙahonin bayan ma ba su yi tsini sosai ba. Na 1959 dogaye ne masu kaifi, a 1961 aka rage su. Idan aka haɗa biyun, ni dai na tsaya a kan A60, wadda aka ƙera daga 1961 zuwa 1969. Mai kallon mota da ido kawai ya ce Morris, bai yi nisa da gaskiya ba.

Labarin Baturen kuza ma ya zauna daidai. A shekarun nan Jos da Bukuru da Rayfield cike suke da Turawan Ingila masu aikin haƙar kuza, irin na kamfanin ATMN, kuma motocin ƙasarsu suka fi hawa. Wanda zai koma gida yakan sayar da tasa ga akawu ko ɗan kwangila ko ɗan kasuwar da suka saba.

Shi kuma Baffa, ina jin ba ƙirƙira ya yi ba. An daina Cambridge a 1969, Oxford a 1971, kayan gyaransu suka yi ta wuya, yayin da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975. Daga nan Fijo ta cika gari: tasha ita, akori-kura ita, motar ma'aikacin gwamnati ita. Mai yiwuwa ne Alhaji ya sayi 404 daga baya, ita ce Baffa ya taso ya gani a ƙofar gida. Ki tambaye shi a hankali ko mota ɗaya ce Alhaji ya taɓa mallaka.

Sitiyarin da ake hangowa ta gilashi a dama yake. Wannan ba ya raba Fijo da Austin, domin kafin canjin hannu na ranar 2 ga Afrilu 1972 duka da sitiyarin dama ake shigo da su. Abin da yake nunawa shi ne zamanin motar. Na kuma duba ko an juya hoton wajen wanki, abin da kan mai da dama hagu. Babbar rigar ce ta ba ni amsa: aljihu da aikin askar suna ƙirjinsa na hagu, inda ya kamata su kasance. Hoton daidai yake, kuma ba zai riga ƙarshen 1961 ba.

Lambar ce ban iya karantawa ba, saboda hasken waya ya faɗa a kanta. Ki ciro hoton daga firam a hankali, kada ki ja idan ya manne da gilashi, ki kai a yi masa sikan mai kyau. Ki duba bayansa, masu hoto na da sukan buga hatiminsu, wani lokaci har da kwanan wata. Lamba mai farawa da PL ba za ta riga 1976 ba, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Filato. Idan kuma akwai wani hoton na ranar da aka ɗauko motar ta gaba, ko da rabin ragar ne ya fito, ki turo mini shi tare da sabon sikan ɗin.