Masarar TELA ko ta gida: kafin ka biya kuɗin buhu a kasuwar Mile 12 ta Legas

Tun da aka fito da masarar TELA a Janairun 2024, masu kiwon kaji a Agege da masu tuwon sayarwa a Idi-Araba ke tambaya ko a saye ta ko a kauce mata. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ce ta samar da ita, an sauya ƙwayar halittarta don ta jure tsutsa da fari.

Yawancin tsoron daga hotunan ɓerayen nan masu manyan ƙari ya taso, waɗanda ke yawo a WhatsApp. Hotunan daga binciken Séralini ne, wani masanin kimiyya na Faransa, a 2012, inda aka yi shekara biyu ana ciyar da ɓeraye da wata masarar da aka sauya ƙwayar halittarta mai suna NK603. Sai dai ɓeraye goma kacal ya sa a kowane rukuni, kuma jinsin da ya zaɓa, Sprague-Dawley, dama can ƙari yakan fito musu idan sun tsufa. Mujallar da ta buga binciken ta janye shi a 2013, wata ta sake buga shi a 2014. Daga baya Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin gwaji makamancinsa da ɓeraye hamsin a rukuni, ba a ga illa ba. TELA ma ba NK603 ba ce.

To wacce za ka ɗauka? Ido ba ya bambanta su, Alhaji. Idan ta gida zalla ranka ke so, sai ka riƙe dillalin da ya san gonar da kayan suka fito. Amfanin mai jure tsutsa kuwa, ƙwayar da tsutsa ba ta huda ba, fumfuna ba ta samun ƙofar shiga da sauƙi.

Ni a ganina, fumfunar ce abin tsoro, musamman a damshin Legas. Gubarta, afalatoksin, dafuwa ba ta kashe ta. Tana cin hanta, tana rage ƙwan kaji, kuma a 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya. Masarar da aka noma da Aflasafe, maganin rage afalatoksin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ta fi aminci ta wannan fuskar, in ka dace da ita.

Kowacce ka zaɓa, zura hannu can tsakiyar buhu ka sunsuna. Ciji ƙwaya ɗaya: busasshiya ƙas take karyewa. In ka kai gida, ɗora buhun kan katako, nesa da bango.