Gajeren zagayen da muka biya zuwa dam ɗin Hoover, abun da na gani da wanda aka hana ni gani

Bari in fara da abun da ya ɓata min rai tunda shi ne har yanzu yake cina. Wannan zagayen da ake cewa gajere, na awa uku zuwa huɗu daga Las Vegas zuwa dam ɗin Hoover a Amurka, baya shiga da kai cikin dam ɗin. Daga waje kawai zaka gani. Ni kuma da nayi bukin ta intanet hotunan manyan janaretocin nan na gani a shafin kamfanin, sai na ɗauka ai har can ƙasa za a sauka damu, ashe a can ƙasan shafin da ƙananan rubutu sun rubuta cewa tikitin shiga tashar wutar baya ciki. Laifina ne ban karanta ba, na yarda, amma su ma dai sun san me suke yi da suka ɗora hoton abun da ba zasu kai ka ba. Bazan faɗi sunan kamfanin ba dan kusan duk haka suke, ku dai karanta har ƙarshe kafin ku saka lambar katinku.

Taro ne ya kaimu garin ni da wani abokin aikina dattijo da muke kira Malam, injiniya ne, kuma tun a jirgi yake min maganar dam ɗin nan kamar wanda zai je ganin ɗan uwa. Safiya ɗaya ce muka samu babu komai, shi yasa muka zaɓi gajeren.

Motar ta zo akan lokaci, wannan kam ba ƙorafi, ƙaramar bas ce mai tsafta, esi na aiki kamar me, ga ruwan gora mai sanyi kyauta iya shanka. Matsalar ita ce mu aka fara ɗauka. Daga nan sai zagaye otal otal ana kwasar mutane, wannan bai sauko ba a kira shi a waya, wancan yana jira a wata ƙofa daban dan otal ɗin garin kowanne kamar unguwa guda yake, kusan minti hamsin muka ƙona a cikin gari kafin mu hau titi, alhali dam ɗin gaba ɗaya bai wuce kilomita 50 ba daga wajen. Malam yana ta duba agogo yana tsaki a hankali. Nace Malam haƙuri, yace ai ba ni nake jin haushi ba, lokacinmu ne ake ci, kuma wallahi gaskiyarsa dan duk mintin da aka ɓata a nan daga na bakin dam aka cire shi.

Amma direban, wanda shi ne kuma ɗan jagoran, shi ya wanke musu laifi. Mutum ne mai baki, ya san abun da yake faɗa, ba irin masu haddar nan ba da in ka katse su sai sun koma farko. Muna wucewa ta Boulder City yake gaya mana ai garin gaba ɗayansa saboda ma'aikatan dam ɗin gwamnati ta gina shi a farkon shekarun 1930, kuma har yau an hana caca a cikinsa, a jihar Nevada fa, inda hatta filin jirgi injinan caca ne ke maka sannu da zuwa. Kowa yayi dariya.

Akwai shingen sikiyoriti kafin a ƙarasa, suka leƙa motar, ba a ɗau lokaci ba.

Tsayawar farko a gadar nan ce da ke gaban dam ɗin, wadda aka buɗe a 2010, sunan mutum biyu aka sa mata, Mike O'Callaghan tsohon gwamnan Nevada da Pat Tillman ɗan wasan ƙwallon Amurka da ya bar wasa ya shiga soja ya mutu a Afganistan a 2004. Kafin a yi ta ta saman dam ɗin motoci suke bi su tsallaka jihar Arizona. Daga inda ake fakin sai ka hau matakala, ko ka bi hanyar da aka yi mai lanƙwasa saboda masu keken guragu, kuma in kana da ciwon gwiwa ka bi ta biyun kar kayi jarumta. Da muka fito kan gadar iska ta buge ni sai da na riƙe hulata da hannu biyu. Na leƙa ƙasa, kusan mita 270 tsakaninka da ruwa, kogin Colorado ya koma kamar wani koren zare, cikina ya juya, ga manyan motoci suna wucewa ta bayanka kana jin gadar tana ɗan girgiza a tafin ƙafarka. To a nan ne zaka ga dam ɗin gaba ɗayansa a gabanka, fari tas, an cusa shi tsakanin baƙaƙen duwatsu biyu, mutanen da ke tafiya a kansa kamar tururuwa. Duk hoton da na taɓa gani bai gaya min gaskiya ba. Malam da yake ta surutu tun safe shiru yayi, ya jingina da ƙarfen yana kallo, can sai naji yace ikon Allah, a hankali.

Minti ashirin aka bamu a nan. Hawa da sauka kaɗai sun cinye rabi. Wannan rowa ce tsagwaronta, dan nan ne wajen da yafi ko'ina kyau a duk tafiyar.

Sai aka gangara damu kan dam ɗin kansa, muka taka da ƙafa. Tsayinsa mita 221, tsawonsa daga wannan dutse zuwa wancan mita 379, a sama faɗinsa bai fi mita 14 ba amma a gindi kusan mita 200 ne, wato kaurinsa a ƙasa ya kusa kamo tsayinsa. Kuma a lanƙwashe yake kamar baka, bayan bakan na fuskantar tafkin Mead, wato ruwan da dam ɗin ya tare, Malam ya kama hannuna ya nuna min yace kaga dabarar, duk ƙarfin da ruwa ya turo sai ginin ya miƙa shi ga duwatsun gefe, ruwan da kansa yake ƙara danne shi a mazauninsa. Jagoran yaji yana min bayani da hannu ya tambaya me yake cewa, na fassara masa, yace to yau ya samu mataimaki.

Labarin kankaren ne yafi burge ni. Ashe siminti in yana bushewa zafi yake fitarwa, kuma injiniyoyin sun lissafa cewa in aka zuba shi gaba ɗaya a dunƙule sai ya ɗau kusan shekara 125 kafin ya huce, kuma tsagewa zai yi. Sai suka riƙa zuba shi akwati akwati, suka bi cikinsa da siraran bututun ƙarfe masu tsawon sama da kilomita 900 in aka haɗa, suna tura ruwan sanyi ta ciki, har masana'antar ƙanƙara suka gina a wajen dan wannan aikin kawai, da ya huce suka cike bututun da siminti suka bar su a ciki. Kafin ma a zo nan sai da suka fasa ramuka huɗu a cikin dutse, biyu ta kowane gefe, suka karkatar da kogin gaba ɗaya ya bi ta can dan su samu busasshiyar ƙasa. An fara a 1931, shugaba Roosevelt yazo ya ƙaddamar a watan Satumba 1935, aka kammala a 1936, shekara biyu kafin wa'adin da aka basu. Babu kwamfuta babu komai. Ko sunan ma sai da aka sha rigima, an daɗe ana ce masa Boulder, sai a 1947 majalisa ta tabbatar da Hoover.

Wata mata a cikinmu ta tambaya wai da gaske akwai gawarwaki a binne cikin kankaren, jagoran yayi murmushi irin na wanda ake masa tambayar nan kullum yace ko ɗaya babu, dan kowane bokiti in aka juye ɗan kaɗan yake ƙara tudu, ga mutane a tsaye suna tattakawa, ba yadda za ayi mutum ya nutse ba a gani ba. Amma mutuwa kam anyi. Mutum 96 ne a lissafin hukuma, kuma yace akwai waɗanda aka rubuta ciwon huhu ne ya kashe su ba a saka su a lissafin ba, alhali ma'aikatan suna zargin hayaƙin motoci ne a cikin ramukan. Ya kuma bamu labarin J.G. Tierney da ya nutse a kogin ranar 20 ga Disamba 1922 yana aikin awon wajen, sai ɗansa Patrick ya faɗo daga ɗaya daga cikin hasumiyoyin ya mutu ranar 20 ga Disamba 1935, rana ɗaya, shekara 13 tsakani. Ba wanda ya ƙara magana sai da muka yi ɗan nisa.

Hasumiyoyin nan guda huɗu da ke tsaye cikin tafkin ta nan ruwa ke shiga ya gangara ya juya injinan. Biyu daga ciki akwai agogo a jiki, ɗaya lokacin Nevada ɗaya na Arizona, tunda iyakar jihohin a tsakiyar dam ɗin ta ratsa. Ni na zo da shirin in ɗau hoton agogo biyu masu bambancin awa ɗaya sai na tarar duk lokaci ɗaya suke nunawa, har nace ko ɗayan ya lalace ne. Ashe Arizona bata canja agogonta, Nevada kuma tana matsar da nata gaba daga Maris zuwa Nuwamba, sai su haɗu. In kana son bambancin sai ka zo da sanyi. Na dai tsaya ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can an ɗauke ni hoto kamar kowa, ba kunya.

Abun da ban yi tsammani ba shi ne farin layin da ya zagaye duwatsun tafkin Mead. Sama baƙi, sai wani farin ɗamara mai tsayi kamar bene mai hawa da yawa, sannan ruwa a can ƙasa. Nan ne inda ruwan yake kaiwa a da, shi ya bar wannan shaidar da ya janye. Fari ya daɗe yana cin yankin ga kuma yawan masu ja, a 2022 tafkin ya sauka zuwa wajen kashi 27 cikin ɗari na cikarsa, ba a taɓa ganin haka ba tun da aka fara tara shi. Kuma kusan kashi 90 na ruwan da Las Vegas ke sha daga nan yake fitowa, sai na tuna irin wankan da nayi da safe na bar shawa tana zuba ina neman sabulu. Manyan magudanan da aka yi a gefe dan ambaliya kuwa a bushe ƙamas suke, bakin ramin kaɗai abun tsoro ne, sau biyu tak aka taɓa amfani dasu, 1941 da aka gwada da kuma 1983.

Sai wasan gora. Jagoran yace in miƙa hannu ta gefen kogin in tsiyaye ruwa kaɗan, nayi, maimakon ya faɗi ƙasa sai ya tashi sama ya watso min a fuska da gilashi, iskar da ke hawowa ta jikin bangon ce ke ɗaga shi. Sau uku nayi kamar yaro. Malam yace kai dai ka riƙe wayarka da kyau.

To daga saman nan in ka leƙa kana hango rufin tashar wutar a ƙasa, dogayen gine gine biyu a gefen kogin, manyan injina 17 ne a ciki, tara ɓangaren Arizona takwas ɓangaren Nevada, ƙarfinsu ya haura megawat 2,000 kuma kaso mafi tsoka na wutar ma kudancin Kalifoniya yake tafiya. Muna ganin mutane sun yi layi a cibiyar baƙi zasu shiga lif a sauka dasu. Malam ya tambayi jagoran ko zamu iya siyan tikiti mu bi su da sauri, yace ba zai hana mu ba amma mota ba zata jira ba, sai dai mu nemi hanyar komawa da kanmu, kuma muna da zama ƙarfe biyu. Yadda fuskar dattijon nan tayi ban ji daɗi ba ko kaɗan, ni na yi bukin ɗin, nace Malam ka yafe min, yace haba ba komai, amma har muka koma mota yana waiwaye.

Zafi kuwa kar a yi maganarsa, kankaren yana dawo maka dashi ta ƙasa rana na dukanka ta sama, inuwa kusan babu, ƙarfen da zaka dafa ma sai ka janye hannu. Ku ɗau na sassafe, ku sa takalmi mai rufi da hula mai igiya. Akwai banɗaki a wajen kuma da tsafta. A ƙarshe ana sa ran ka ba direba ɗan hasafi, haka tsarin yake a Amurka, ku riƙe 'yan daloli a hannu, shi kam namu ya ci abunsa.

In maki zan bayar uku da rabi cikin biyar. Jagora biyar cif, mota huɗu, rabon lokaci biyu, shafin bukin ɗinsu kuma ɗaya ma dan kar ace nayi zalunci. Wanda hoto da labari kawai yake so kuma safiya ɗaya gare shi, wannan ya ishe shi. Mai son yaga injin yana juyawa ya nemi wanda aka rubuta ƙarara cewa da shiga tashar wuta a ciki, ko ya ɗau hayar mota yaje da kansa ya sayi tikiti a can wajen hukumar da ke kula da dam ɗin. Kuma ku tambaye su tun kafin ku biya otal nawa zasu tsaya ɗaukar mutane, mu bakwai muka tsaya, na ƙirga.