Sabulun sandal na Maisur da shagon Ba'indiye a Adum

Shekara goma sha tara ina haɗa turaren wuta da humra a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana, kuma da wani zai ce mini ban san sandal ba, sai mun yi faɗa. Buhu-buhu nake sayensa, in jiƙa da turaruka, in soya da sukari tare da kajiji da farce da hawi. Ashe itace kawai nake saye wanda aka yi wa wanka da turare.

Ɗan yayata ne ya tona mini asiri. Ya yi karatun haɗa magunguna a Maisur, wani birni a jihar Karnataka da ke kudancin Indiya, da ya dawo ya kawo mini tsarabar sabulu uku a kwali mai ja da kore, an rubuta Mysore Sandal Soap. A raina na ce yaron nan ya raina ni, ka je har Indiya ka dawo wa gwaggonka da sabulu? Na jefa su a akwatin zannuwa na manta. Bayan wata biyu na buɗe akwatin zan ɗauki leshi na suna, sai wani ƙamshi ya taso, mai sanyi, mai ɗan maiƙo kamar madara, ba ya hawa kai. Duk matan da suka rungume ni a gidan sunan sai da suka tambayi wane haɗi na yi.

Da suka ƙare ne na shiga nema, har wata ƙawata ta kai ni shagon da matan zango ke kira shagon Ba'indiye, a wani lungu a Adum, tafiyar 'yan mintuna daga kasuwar Kejetia. Ƙaramin wuri ne, mutum uku suka shiga sai an yi ta “gafara dai”. Shinkafar basmati da wake iri-iri da kayan yaji sun cika kantoci har rufi. Mai shagon dattijo ne, yana jin Tonanci fiye da ni da aka haifa a garin. Matarsa ita ce 'yar Maisur, kuma ita ta sa nake komawa.

Ranar farko na nuna mata ɓallin sandal ɗina da nake alfahari da shi. Ta shinshina, ta yi murmushi, ta shiga ciki ta fito da wani guntun itace bai kai tsawon yatsa ba da ɗan faifan dutse. Ta ɗiga ruwa, ta yi ta goga itacen a kai har ya ba da wani kwaɓi fari-fari mai ɗan rawaya, ta shafa mini a bayan hannu. Ta ce, “Hajiya, bari ya bushe tukuna.” Na hau trotro na koma gida, na yi alwalar la'asar, ƙamshin yana nan. Nawa kuwa da na jiƙa shi cikin ruwan zafi a daren, man ya taso sama, itacen ya zama ba shi da maraba da makamashi.

A wurinta da wurin ɗan yayata na haɗa labarin. Ƙamshin sandal a zuciyar itacen da saiwarsa yake, kuma bishiyar sai ta shekara goma sha biyar ko fiye kafin zuciyar ta yi ƙwari. Ba ta ma iya rayuwa ita kaɗai, saiwarta ce ke maƙale wa ta wata bishiyar tana tsotsa. To ina za a samu irin wannan abu buhu guda a kuɗin da nake biya? Tun zamanin Tipu Sultan, sarkin nan musulmi da ya mulki ƙasar Maisur, aka ayyana ta a matsayin bishiyar sarki. Shi Tipu a yaƙi da Turawan Ingila ya rasu a 1799, a Srirangapatna, wani tsibiri a kogin Kaveri kusa da birnin. Da na ji haka na ce ashe ba mu kaɗai suka taɓa ba, mu ma nan sun ƙone Kumasi a 1874.

Shi kansa sabulun yaƙi ne ya haife shi. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya hanyar kai itacen Turai ta toshe, ya taru jingim babu mai saye. Sarkin lokacin, Krishnaraja Wadiyar na huɗu, da wazirinsa injiniya Visvesvaraya suka ce a tatsi man a gida. A 1916 aka fara wannan aiki, a 1918 sabulun ya fito kasuwa. A Bangalor ake yinsa, kamar kilomita 140 daga Maisur, kuma har yau kamfanin na gwamnatin jihar ne. Akwai wata dabba a tambarin, jikin zaki da kan giwa. Jikata ta ce aljani ne, ta ƙi taɓa kwalin kwana biyu.

A bayan teburin kuɗi sun rataye babban hoton fadar Maisur da dare, ƙwayayen lantarki kusan dubu ɗari sun zagaye ta. Tsohuwar fadar ta katako ce, ta ƙone a 1897 ana tsakiyar bikin aure, aka gama wannan a 1912. Matar ta ce a bikinsu na Dasara, mai kwana goma, giwa ce ke ɗaukar wata rumfar zinariya mai nauyin kilo 750 ta ratsa gari. Bautarsu ce, ba tawa ba, amma na gane abin da take ji, domin na sha tsayawa a Manhyia, fadar sarkin Asante, ranar bikin Akwasidae ina kallon laima da zinariya.

Yanzu ga gaskiyar kayan. Sabulun yana kumfa mai laushi, ba ya barin fata tana ja, ko da hunturu. Ƙamshinsa a jiki ba ya daɗewa kamar na humra, zuwa azahar ya lafa, amma a tufafi yana kama wuri sosai. Kada ki bar shi cikin ruwa a kwandon soso, na yi wannan sakacin da na farko na yi asarar rabinsa. Tsada kam akwai, kuɗin guda ɗaya zai ciyar da mutum uku shinkafa da wake har da ƙwai. Don haka wankan yau da kullum ina nan da sabulun salona, wannan na Juma'a ne da biki da akwatin amarya.

Shagon kuma yana da nasa. Sau biyu ina zuwa a ce kaya sun ƙare, a jira jirgin ruwa ya iso Tema, ba kuma sa ɗaukar waya. Canji kullum babu, sai a cika miki da alewa. Turaren tsinken da suke saidawa a buɗe, marar suna, ban ba ki shawara ba, na kunna ɗaya maigida ya ce wa ke ƙona roba. Akwai kuma wata alewarsu, Mysore pak, ta garin wake irin nasu da man shanu da sukari. Ran da matar ta yi sabuwa ta ba ni ɗanɗano, narkewa ta yi a baki kamar a haɗa alkaki da nakiya. Wadda na saya a kwali daga kanta kuwa ta kwana biyu, man ya fara ɗaci. Ki tambaya yaushe aka yi kafin ki biya.

Na roƙe ta ta sayar mini da guntun itacen nan, ta ce ko kusa, mahaifiyarta ce ta ba ta ranar aurenta. Na sayi sabulu shida na lefen ƙanen maigida, ta ƙara mini ɗaya gyara. A leda kuma na daina rubuta “sandal na asali” a kan turarena.